RABON JARIRI: Gargaɗi ga Masu-bi a kan Ciyar da Ƙananan 'Ya'yansu



Cikin Littafin Farawa, sura 21, mun karanta labarin babban bukin da Ibrahim ya yi ran da aka yaye ɗansa Ishaku. Kowane uba da ya taɓa ɗaukar ƙaramar gawa zuwa makabarta ya san abin da ya sa Ibrahim murna. Gama tsakanin ranar da jariri ya fara ɗanɗana kunu da ranar da ya bar nono akwai kogi mai-haɗari, yara da yawa kuwa ba su ƙetare shi ba. Yaro ya kan yi ɓulɓul a bayan uwarsa har wata shida, sa'an nan ya soma ramewa, zawo ya kama shi, mutane su ce haƙori ne. Amma sau da yawa dalilin yana cikin kwanon da a ke ba shi abinci, da hannun da ke ba shi. Yaro amanar Allah ne. Saboda haka cokalin da a ke kai wa bakinsa yana cikin abubuwan da mai-bi zai ba da lissafinsu a gaban Ubangiji.

I. LOKACIN DA YA DACE

Allah cikin hikimarsa ya shirya wa jariri abincinsa tun ba a haife shi ba. Nonon uwa ya ishe shi ci da sha har wata 6. Kusan kashi tara cikin goma na nono ruwa ne, don haka ko cikin zafin bazara ba ya bukatar wani ruwa dabam, balle kunu ko jiƙo. Abin da a ke ba shi kafin lokaci ya kan rage masa shan nono, ya kuma shigar masa da cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da wannan shawara a shekara ta 2001.

Amma in wata 6 ya cika, nono kaɗai ba ya isa kuma, gama sinadarin ƙarfe da yaro ya zo da shi daga cikin uwarsa, wanda jini ke bukata, ya kusa ƙarewa. Za ku ga wuyansa ya tsaya, yana zama in an tallafe shi, yana bin lomar manya da ido. Wanda ya yi gaggawa ya cuci yaro, wanda ya yi jinkiri shi ma ya cuce shi. Kada kuwa a janye nono don an soma kunu. Har ya cika shekara, nono yana ba shi wajen rabin ƙarfin da ya ke bukata, cikin shekara ta biyu kuma wajen sulusi. A ci gaba da shi har shekara 2 ko fiye.

II. ABIN DA ZA A SA A KWANONSA

Cikin jariri ƙanƙane ne, ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin kofi a zama ɗaya. In kun cika shi da koko mai-ruwa-ruwa, cikinsa ya cika amma jikinsa yana nan da yunwa. Ku dama kunu da kauri, yadda in an karkata cokali ba zai zube nan da nan ba. Gero ko dawa ko masara kaɗai ba su gina jiki sosai. Sai a haɗa su da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin wake, ko dafaffen ƙwai, ko garin busasshen kifi da aka tsince ƙayarsa, ko hanta da aka dafa aka murje, da ɗan man gyaɗa ko manja. A ƙara garin zogale, da kabewa, da gwanda ko mangwaro a lokacinsu. Dukansu Allah ya sa su kusa da ku.

A soma da cokali biyu ko uku, sau 2 ko 3 a yini, ana ƙarawa kaɗan kaɗan har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 a mai da shi sau 3 ko 4. In ya cika shekara sai ya ci abincin gida, a tausasa masa shi. Kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara, gama a kan sami wata ƙwayar cuta a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya kashewa. Kada kuma a ba shi gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, domin su kan shaƙe yaro.

Waɗansu sun ce yaron da aka ba ƙwai ɓarawo zai zama. Ubangijinmu ya nuna cikin Markus, sura 7, daga zuciyar mutum sata ke fitowa, tare da sauran mugayen ayyuka. Ƙwai ba shi da laifi. Ku ba yaro ƙwai, ku kuma koya masa tsoron Allah.

III. MAGANAR ƊURA

An saba a gidaje da yawa a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a ɗura masa yana kuka. Masu-yin haka ba mugunta su ke nufi ba. Aiki ne ya yi musu yawa, haka kuma suka tarar a ke yi. Amma yaron da ke neman numfashi ya kan zuƙi kunun zuwa huhunsa, daga nan sai ciwon huhu, wani kuwa ya kan shaƙe ya mutu a hannun uwarsa. Bai kamata a ga ɗura a gidan mai-bi ba.

Ke 'yar'uwa, ki zaunar da shi a cinyarki kansa a tsaye, ki ba shi da cokali, ki yi masa magana, ki jira ya haɗiye. In ya ƙi wani abu yau, ki sake gwadawa gobe da jibi, gama yaro ya kan ɗanɗana abu sau da yawa kafin ya yarda da shi. Ki ware masa kwanonsa, domin in an haɗa shi da yayyensa, su za su sid̃e kwano kafin ya kai loma uku. Ki tuna yadda Ubangiji ya yi da ke. Bai fasa ƙofar zuciyarki ba, jira ya yi har kika buɗe. Haƙuri yana cikin 'ya'yan Ruhu, a nan kuwa a ke ganin ko ya nuna.

IV. MAGANA GA MAIGIDA

Kai ɗan'uwa, kada ka ce wannan zancen mata ne. Ka kan tsaya wurin mai-tsire ran kasuwa, ka kan sa mai-shayi ya soya maka ƙwai, da dare kuma tsoka mafi kyau a kwanonka a ke sa ta. Ɗanka kuwa tun safe koko tsura ya sha. Jikinka ya gama girma, nasa yanzu a ke gina shi. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari ga Timoti, sura 5, ya lissafta mutumin da ba ya kula da iyalinsa tare da waɗanda suka yi musun bangaskiya. Ka duba kuma Markus, sura 5: da Yesu ya ta da 'yar Yayirus daga mutuwa, mutane suna cikin mamaki, shi kuwa ya umarta a ba yarinyar abinci.

Saboda haka da kaka, kafin ka kai gyaɗa da wake kasuwa, ka ware rabon yaro. Kada a sayar da ƙwan gida duka. Ka dasa zogale a bayan ɗaki. Ciyar da jariri yana cin lokaci, don haka in matarka tana ba shi abinci, ba abin kunya ba ne ka ɗebo ruwa ko ka faskara itace.

V. TSABTA DA CIWO

Zawo shi ne babban maƙiyin yaro a wannan lokaci, ta hannu da kwano da ƙuda kuwa ya ke shigowa. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida, da bayan an wanke wa yaro kashi, da kafin a taɓa abincinsa. A tafasa ruwan da zai sha. Kunun da ya yini a buɗe cikin zafi ba na jariri ba ne. In zawo ya zo, kada a hana shi nono ko abinci. A karɓo ruwan gishiri da sukari na ƙunshi daga asibiti, tare da ƙwayar zinki, a ba shi yadda aka umarta.

Kada kuma a yaye yaro rana ɗaya, a shafa ɗaci a nono a kai shi gidan kaka, don an ga uwa ta sami wani ciki. Nonon mai-ciki ba dafi ba ne. A shekara ta 1933 wata likita, Sisili Wiliyams, ta bayyana wata cuta da ta gani ga yara a Akra, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Gana, waɗanda aka cire daga nono aka bar su da kunun masara. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga suka ba ta, kwashiyoko, wato ciwon yaron da ƙanensa ya ture. In kun ga ƙafafun yaro sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya rame ba ya son wasa, tamowa ke nan. Kada ku ce maƙwabciya ce ta kama kurwarsa. Wannan shaidar zur ce, Allah kuwa ya hana ta. Ku yi addu'a, ku tashi ran nan ku kai shi asibiti.

VI. GIRMAMA TSOFAFFI

Wataƙila kakar yaro za ta ce, "Da ɗura na reni ubansa, ga shi kuwa ya girma." An umarce mu mu girmama iyaye, matar ɗa kuwa ba ta iya ɗaga ido ta yi musu da surukarta. Aikin maigida ne ya sami mahaifiyarsa a keɓe, ya durƙusa ya ce, "Inna, Allah ya saka miki da alheri saboda wahalar da kika sha a kanmu. Amma an nuna mana ɗura tana kai kunu cikin huhu. Ina roƙonki ki bari a gwada cokali, ke kuma ki sa ido ki gani." Tsohuwar da aka girmama ta kan zama ita ce mai-tsaron kwanon jikanta.

VII. KU MA JARIRAI NE

Manzo Bitrus ya kwatanta sababbin masu-bi da jarirai masu-marmarin nono, Wasiƙa ga Ibraniyawa kuwa, sura 5, ta tsauta wa waɗanda suka daɗe cikin bangaskiya amma har yanzu ba su iya cin abinci mai-tauri ba. Kamar yadda ku ke ciyar da ɗanku kowace rana, kaɗan kaɗan, haka ku ci Maganar Allah kowace safiya. Ku soma da Bishara, ku zo taron masu-bi, ku tambayi abin da ya shige muku duhu. Wanda ba ya ci sai ran Lahadi, ruhunsa zai rame. Uban da ke ciyar da ku ba ya gajiya, ba ya kuwa ɗura.

ADDU'A

Ya Uba na Sama, mai-ciyar da dukan masu-rai, mun gode maka saboda yaron da ka damƙa a hannunmu. Ka ba uwarsa haƙuri, ka ba ubansa zuciya mai-tausayi, ka sa albarka a kwanonsa. Ka tsare shi daga cuta har ya kai ranar yaye lafiya, mu yi murna kamar bawanka Ibrahim. Ka sa shi da mu duka mu yi girma cikin sanin Ɗanka. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai-Cetonmu. Amin.