Bizar aiki ba ta yafe harajin Kanada

Wata muguwar fatawa tana yawo a tsakanin 'yan Kanada masu fita aiki waje da bizar wucin gadi, har da 'yan'uwanmu da suka samu takardar zama ko fasfon ƙasar. Wai da zarar jirgi ya sauke ka a Dubai ko Doha ko Houston, albashinka ya fita daga hannun CRA, hukumar harajin Kanada. Wasu har ƙidaya suke yi, wai in ka wuce kwana 183 a waje ka tsira. Ƙarya ce, kuma aiki da ita ha'inci ne.

Dokar Kanada tana duba inda ka bar iyalinka. In kana da gida a Calgary, matarka tana ciki, 'ya'yanka suna makaranta a unguwar, to kai mazaunin Kanada ne ko da ka shekara ba ka leƙo ba, sai dai in yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu ta yanke akasin haka. Lasisin tuƙi da katin asibiti da asusun banki duk shaidu ne a kanka. Mazauni kuwa wajibi ne ya bayyana abin da ya samu a ko'ina a duniya, wa'adinsa 30 ga Afrilu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin tallafin yara. Gwamnati tana lissafa shi ne bisa kuɗin shigar miji da mata a haɗe. Sai maigida ya ɓoye albashinsa na Doha, uwargida ta cike takarda kamar ta gidan da ba a ɗora tukunya, kuɗi kuma su riƙa shigowa duk wata. Kuɗin wa ake ci? Na direban tasi da ma'aikaciyar jinya masu biyan nasu a kan kari. Da wane baki za ka hana ɗanka ɗauke-ɗauke, alhali da irin wannan kuɗin ka saya masa takalmi?

Mai tunanin ba za a gane ba, barci yake yi. Tun 2018 Kanada take musayar bayanan asusun banki da ƙasashe masu yawa, kuma Daular Larabawa da Saudiyya suna cikin tsarin. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Jinkirin miƙa takarda kaɗai tararsa kashi 5 cikin 100 na harajin da ake bin ka, da ƙarin kashi 1 kowane wata har wata 12, ga kuɗin ruwa yana hauhawa kullum. In an tabbatar da gangan ka ɓoye, a ɗora maka rabin harajin da ka danne. In magana ta kai kotu, tara tana iya kaiwa ninki biyu na harajin, ɗauri kuma har shekara 5. Tallafin yaran da aka ci sai an amayar da shi, kuma har uwargida za a bi bashin tunda ita ta karɓa. CRA tana iya kwashe kuɗin asusunka ba tare da ta je gaban alƙali ba.

Gidan hayar da ka gina a Kano ko Abuja ma bai ɓuya ba. In kadarorinka na waje sun ci fiye da dalar Kanada 100,000, dole ka cike fom T1135, rashin yi kuwa dala 25 ne kowace rana har 2,500. Ranar da ka so ɗauko iyayenka zuwa Kanada kuwa, takardun harajin shekara uku za a nema. Me za ka nuna?

Masu aiki a Amurka da bizar TN sukan ce ai an riga an cire musu haraji a can. Kanada tana rage abin da ka biya a waje daga abin da take bin ka, amma sai ga wanda ya miƙa takarda ya nema.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, CRA tana da shirin da mutum yake kai kansa ya bayyana abin da ya ɓoye a sassauta masa tara, sai dai ƙofar tana rufewa da zarar an fara bincikensa. Ɗan'uwa, tattara takardun albashinka ka nemi akanta wanda ya san harajin ƙasa biyu tun kafin wasiƙarsu ta iso.