Ina Magadan Abubakar Ladan?

Kwanan baya a wani zaure na ambaci sunan Malam Abubakar Ladan Zariya, sai samarin da ke wurin suka hau kallon juna. Ɗaya ma ya tambaye ni ko ɗan fim ne. Ranar na kwana da abin a raina.

Samari, ku ba ni aron kunnuwanku. An haifi wannan bawan Allah a unguwar Kwarbai cikin birnin Zariya a 1935, ya yi aikin malamin dabbobi, ya rasu a 2014. Da ƙasashe 32 suka taru a Addis Ababa a 1963 suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, shi ne ya ɗauki alƙalami ya tsara Waƙar Haɗa Kan Al'ummar Afirka. Ina tuna mahaifina, da an sako ta a rediyon Kaduna sai ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. A bakin Malam Abubakar muka fara jin sunayen ƙasashe da shugabanninsu tun ba mu taɓa ganin taswira ba. Manomi yana kan kunya ya san yana da 'yan'uwa a Gini da Habasha. Waƙa makaranta ce a lokacin, mawaƙi kuwa sai ya yi bincike kafin ya buɗe baki.

Yau fa? Da kakar zaɓe ta kama, sai a shiga situdiyo da hantsi a fito da waƙa kafin la'asar. A wasa mai gida, a yi wa abokin hamayya zambo, a karɓi makullin mota. Wanda aka kai sama bana, shi za a ci wa mutunci baɗi. Ƙasa kuwa ba mai tuna ta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne muke saurare, mu ne muke tura wa juna a waya.

Kai da Allah ya ba baiwar waƙa, ka sani amana ce a wuyanka. Nemi ilimi kafin ka rera, ka tambayi kanka abin da jikanka zai tsinta a baitinka. Malaman Hausa, ku mayar da waƙoƙin Malam Abubakar cikin aji. Gidajen rediyo, ku kakkaɓe tsofaffin faya-fayanku ku sako mana su.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar Ladan, ya ba mu masu ɗaukar alƙalaminsa.