Goge Faifan Ajiya: Alfarmar Alƙur'ani da Haƙƙin Mai Kaya

Tun 2017 na'urar PlayStation 4 ta fara karɓar faifan ajiya na waje don ɗora wasanni, muddin bai gaza gigabait 250 ba, bai kuma wuce terabait 8 ba. Sharaɗinta shi ne a yi masa fomat, duk abin da ke ciki ya tafi. In aka mayar da shi kan kwamfuta mai Windows ba za ta gane shi ba, sai an sake masa fomat zuwa NTFS ko exFAT. A gidajen gem da shagunan tura finafinai na Birnin Kebbi da Argungu faifai guda kan sha wannan kai-komo, ga shi sau da yawa yana ɗauke da ƙira'a da tafsirin azumi, haɗe da hotunan aure ko bidiyon kamun kifi na Matan Fada.

Shin goge Alƙur'ani don a zuba wasan ƙwallo wulaƙanci ne? Almajiri kan wanke allonsa idan ya haddace, abin kiyayewa kawai shi ne inda ruwan zai zuba. Halifa Usman ma ya sa an ƙona sauran kwafe-kwafe bayan an daidaita Mus'hafi. Gogewa kenan ba ita ce cin mutunci ba. Faifai kuwa ko ruwan wanki ba shi da shi, domin babu harafi a jikinsa, alamun maganaɗisu ne da ba sa zama aya sai an buɗe su. Shi ya sa malaman zamani da dama ba sa ba shi hukuncin Mus'hafi.

Nauyin ya fi karkata wajen amana. Fomat na gaggawa jadawalin da ke nuna mazaunin kowane fayil kaɗai yake sharewa. Bayanan na nan kwance har sai an rubuta wasu a kansu, kuma akwai manhajojin da ke tono su. Wanda ya sayi tsohon faifai ya tono hotunan iyalin wani ya faɗa cikin binciken asirin mutane da Suratul Hujurat ta hana, ko da kuɗinsa ya saya.

Sai mai shagon da ya danna fomat bai tambaya ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantawa a Risala a zaurukan ƙasar Gwandu da Kabi, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa a bayan idon mai su, sai fa in shaidu sun tabbatar ba sakacinsa ba ne. Wasa da fim ana sake tura su, biyansu ba wuya. Hoton mahaifiyar da ta rasu kuwa ba shi da tamka, ba shi da farashi a kasuwa, don haka ƙa'idar biya da kwatankwaci ko da ƙima ba ta kai gare shi ba. A nan sai sulhu da neman yafiya.