Gawon Kiyeshe da Samarin Fada

Wanda ya bar Dogon Dutsi ya yi kudu zuwa Kiyeshe a watan Agusta, abin da zai fara cika masa ido shi ne hatsi, kore shar daga bakin hanya har gindin duwatsun da suka yi wa Dallol Mawri iyaka. Can tsakiyar gonaki kuma sai ya hangi wasu manyan itatuwa tsirara, daga rassa sai farar ƙaya. Baƙo zai ɗauka sun bushe, har ya yi mamakin abin da ya hana a sare su a hura wuta. Ba'are kuwa, ɗan wannan yanki na Arewa, ko kallo na biyu ba zai yi musu ba. Ya san gawo ne, kuma haka yake yi kowace damina: ranar da kowane tsiro ke murnar ruwa, shi ranar yake zubar da ganye.

Samarin garin ne suka sa na tsaya a kan wannan itace. Mai shekara ashirin da 'yan kai a Arewa yau yana cikin wani hali da ke hana barci. Wani ya ci BEPC ya tsaya nan, wani ya kai ga BAC har ya leƙa jami'a a Yamai ko Doso, ya dawo gida da takarda a jaka ba aiki. Da can mafita a bayyane take: a ƙare girbi, a ɗaure kaya a tafi bida Nijeriya, a dawo kafin shuka da kuɗin aure. To bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka wata da watanni, kuma ko da aka buɗe ta a 2024 naira ta riga ta faɗi, abin da mutum ya tara a rani guda idan ya canza shi zuwa sefa ba ya taka kara ya karya. Ga labarin 'yan bindiga ta wajen iyaka. Ga waya a hannu, tana nuna masa sa'ansa a Libiya ko Abijan da sababbin kaya, ba ta nuna masa inda yake kwana.

Sai a taru a fada, wato majalisar hirar samari, a ɗora shayi, a sha na fari, a jira na biyu. Manya suna kiransa zaman kashe wando. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana aiki a Dogon Dutsi, ta rubuta littafi guda a kan fada a 2019, ta nuna cewa zaman ba lalaci ne zalla ba, wuri ne da saurayi ke samun abokan raba damuwa. Na yarda da ita. Sai dai fada tana da aibu ɗaya: kowa da irin damuwarka ya zo. A juya maganar aiki, a juya ta aure, a juya ta siyasa, a tashi tsakar dare kowa zuciyarsa ta fi ɗazu nauyi.

Fita bayan gari daban ne. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, mutum ya gangara fadama, inda ruwa ke kusa har ana noman rani a garka. Ba mai tambayarsa yaushe za a sha biki. Kurciya na kuka, makiyayi na koro shanu, ƙasa na ƙamshin ban-ruwa. Abubuwan da ke nan ba sa jiran sanarwar rediyo. Shamuwa za ta iso gab da faɗuwar damina, ko iyaka na buɗe ko tana rufe. Wanda duk abin da ya dogara da shi ke hannun wasu mutane a wani ofis mai nisa, hankalinsa yakan ɗan kwanta in ya ga abin da ke cika alkawari a kan lokaci.

Gawon ma yana cika nasa, lokacinsa ne kawai ya saɓa da na saura. Wajen Oktoba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, sai ya tofo. Ya yi fure, ya yi 'ya'ya masu lanƙwasa, su nuna su zubo a tsakiyar rani, daidai lokacin da awaki da tumaki ba su da abin kai wa baki. Yara na tsinta a buhu, har kasuwa ake kai su. Dabbobi su fake a inuwarsa su bar taki. Ganyen da ya zubar farkon damina ya ruɓe a gindinsa, kuma tun da ba shi da inuwa a lokacin, hatsin da ke ƙarƙashinsa na samun rana, ya fi na fili tsawo da kaurin zangarniya. Kowane manomi a dallol ya ga wannan da idonsa. Ba banza ba ake ba da labarin sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani ga mai sare shi, kuma har yau dokar gandun daji ta Nijar ta hana taɓa shi ba izini.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙuruciyarsa. Ɗan gawo a shekarunsa na fari abin raini ne, 'yar ƙaya ce da ke kama wando, akuya na gutsura, hauya na sara. Amma a ƙasa saiwarsa na nitsawa tana neman ruwa, sai ta same shi kan ya miƙe. Saurayin da ke ganin tsaransa sun yi ganye shi yana tsaye tsirara, ya dubi wannan da kyau. Zafin nema ba ya kawo samu.

Ban ce kallon itace zai biya sadaki ba, kuma akwai sassan Arewa da yanzu ba a nisa cikin daji sai da lura. Ina ganin ma natsuwar mai zuwa kallo ba ta kai ta mai abin kansa a wurin ba. Sassabin zamani da aka fara a yankin Maradi a 1983, inda ake barin tohon itace a gona a rage masa rassa maimakon a tumɓuke shi, ya mayar wa Nijar itatuwa a fili wajen eka miliyan 12, ba da kuɗi ba, da wuƙa da haƙuri. Aiki ne da ba ya neman takarda ko sanayya.

Don haka iyaye, ku yanka wa samarin nan gamana, gonar kansu, tun yanzu, kada ku ce sai sun yi aure. Ku kuma samari, in lokacin sassabe ya zo a Afrilu, duk ɗan gawon da kuka tarar a gona ku bar shi, ku kafa masa sanda, ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki.