Ha'inci a Cinikin Tsofaffin Motoci da Tallar Gidajen Rediyo

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan'uwa matashi, ka sani cinikin mota halal ne, dillanci halal ne, talla a rediyo da talabijin ma halal ce. Abin da yake ɓata su shi ne ha'inci.

Tun da darajar Naira ta fara faɗuwa a 1986, sabuwar Fijo ta kamfanin Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai jama'a suka koma ga 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano. Sa'an nan a 1992 gwamnati ta yarda wa 'yan kasuwa su buɗe gidajen rediyo da talabijin, su kuwa da kuɗin talla suke rayuwa. Ga mai mota yana neman mai saye, ga gidan rediyo yana neman kuɗi. Nan Shaiɗan ya sami ƙofa.

Mota ta yi hatsari, an miƙe ta, an shafe ta da fenti, an mayar da lambar mita baya. Washegari ka ji mai talla yana cewa kamar sabuwa, ba ta taɓa shiga gareji ba. Wani bawan Allah a ƙauye ya ji, ya yarda, domin a wurinsa abin da rediyo ya faɗa gaskiya ne. Ya sayar da gonarsa ya saya don ya yi haya. In birki ya tsinke da fasinja a ciki, wa zai amsa ranar Alƙiyama?

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa don bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani. To, in ɓoye danshin hatsi ha'inci ne, ina ga ɓoye tsagaggen inji? Haka kuma ya hana najashi, watau ka ƙara taya mota alhali ba saye za ka yi ba, don kawai a ruɗi baƙo.

Saboda haka, in kai dillali ne, faɗi aibin mota kafin a tambaye ka, ka bar rantsuwa, domin tana sayar da kaya amma tana shafe albarka. In kai ma'aikacin rediyo ne, kada ka karanta abin da ka san ƙarya ne. Muryarka shaida ce, kuɗin talla ba zai cece ka ba. In kuwa mai saye ne kai, tafi da bakanike amintacce, ka duba takardun kwastan. Idan ka tarar da tsohon aibi da aka ɓoye maka, Shari'a ta ba ka ikon mayarwa.

Allah Ya ciyar da mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Amin.