Tsakanin Ado Da Algus: Maganar Fentin Tsohuwar Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. 

Mas'alar da za mu duba a wannan mako ƙarama ce a ido, amma ta shafi dukiya da amana, wani lokaci ma har da rai. Mutum ne yake da tsohuwar mota, launinta ya koɗe, jikinta ya lotsa nan da can, tsatsa ta fara cin gindin ƙofofinta, kuɗin da ke hannunsa kuwa kaɗan ne. Yana so a yi mata fenti iyakar ƙarfinsa. Shin akwai laifi cikin wannan? In babu, to a wane wuri ne halal yake ƙarewa, haram ya fara?

Tambayar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. A da, bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna cikin 1975, ma'aikaci mai matsakaicin albashi yakan sa ran hawa sabuwar mota. Daga baya aka koma ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda da yawansu ta Kwatano suke shigowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan haka, sai farashin mota da na kayan gyaranta ya haura, har mafi yawan jama'a suka koma lallaɓa abin da ke hannunsu. Wanda ya bi ta Kasuwar Ƙofar Ruwa da garejin da ke kewaye da ita zai ga shaida: motoci jere, wasu an kankare su, wasu an liƙe gilasansu da takarda ana jiran fesawa.

Mu fara da abin da babu saɓani a kansa. Gyara abin hawa da ƙawata shi halal ne. Musulunci ya hana tozarta dukiya, ƙarfe kuwa in aka bar shi tsirara, ruwa da iska suka haɗu a kansa, tsatsa ce za ta cinye shi. Saboda haka fenti sutura ce ga mota kafin ya zama ado. Har ila yau ya tabbata cikin hadisi ingantacce cewa son tufafi mai kyau da takalmi mai kyau ba girman kai ba ne, domin Allah da kansa Yana son kyau. Talakan da ya tara 'yan kuɗinsa ya sa aka yi wa motarsa fenti mai araha, don ya kiyaye ta ko don ya fita kunya, bai yi laifin kome ba. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Amma kafin a kai ga mai fenti akwai hisabin da ya kamata mai mota ya yi wa kansa. Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus wanda ya rasu a shekarar 790 bayan Hijira, sun kasa buƙatun ɗan Adam gida uku: na larura waɗanda rai ko addini ko dukiya ke salwanta in babu su, da na buƙata waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, sa'an nan na ƙawa. In muka ɗora mota a kan wannan ma'auni, birki da taya da fitila da sitiyari suna cikin kashi na fari, domin su ne ke tsare ran direba da na fasinja da na yaron da ke tsallaka titi a Mandawari. Rufe ƙarfe daga tsatsa yana cikin na biyu. Sheƙi da ƙyalli kuwa na uku ne. Wanda ya ɗauki kuɗin birki ya kai wa mai fenti don Salla ta gabato, ko don za a yi ɗaukar amarya, ya juya tsarin shari'a ƙasa ta koma sama. Wanda kuma ya ci bashi don motarsa ta fi ta maƙwabcinsa ƙyalli, alhali cefanen gidansa bai cika ba, sai ya binciki zuciyarsa, gama riya ba a masallaci kaɗai take shiga ba.

Sai mu zo ga abin da ke tsakanin mai mota da mai fenti. Aikin fenti na ƙwarai hawa-hawa ne. Za a buga wuraren da suka lotsa su miƙe, a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, inda ya huje a yanke a yi walda, a shafa ɗan kwaɓin nan da masu sana'a ke kira fila don a daidaita ƙananan ramuka, a goge, a fesa shafin fari mai kama ƙarfe, sa'an nan a fesa launi shafi bisa shafi. Mafi yawan wahalar aikin tana cikin abin da ido ba zai gani ba bayan an gama. Nan ne kuwa ƙofar ha'inci take. In kuɗi ya yi kaɗan, ma'aikaci yana iya barin tsatsa a wurinta ya lafta fila a kai, ko ya tsinka fenti fiye da kima don ya isa, ko ya tsallake shafin fari. Ranar da za a ɗauki mota tana walƙiya kamar sabuwa. Da damina ta sauka, ruwan Agusta ya ratsa, sai fentin ya fara kumbura yana ɓarewa.

Wa ke da laifi a nan? Sau da yawa su biyun ne. Mai mota yakan taya aiki da kuɗin da shi kansa ya san ba zai isa sayen kayan aikin ba, balle ladan gumi, ya dage har ma'aikaci ya sallama don yunwa. Shi kuma ma'aikaci yakan ce to da baki, alhali ya riga ya ƙudurta inda zai rage. Kowannensu ya shiga ciniki da abin da ya ɓoye a ransa. Shari'a ta toshe wannan ƙofa tun da wuri, domin sharaɗin jinga a fikihu shi ne aikin ya zama sananne, ladan ma sananne. Watau a faɗi irin fentin da za a sa, da yawan shafi, da abin da za a yi wa tsatsa, da ranar gamawa, da adadin kafin alƙalami. In kuɗin bai kai ga aikin duka ba, sai mai fenti ya ce: "Alhaji, wannan kuɗi ba zai yi maka jiki duka ba. Zan kankare tsatsar ƙofofi in rufe ta, sauran kuwa sai ka samu hali." Ko ya ce: "A fili zan fesa, ga shi kuma hunturu ne, ƙura za ta iya zama a kai, ba zai yi santsin na ɗakin fesawa ba." Wannan magana tana iya korar wani mai mota, amma abin da aka karɓa bayanta halal ne tsantsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to amma araha tana iya gaskiya.

Haƙƙi kuma ta fuska biyu yake. Malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki lamunin kayan da aka damƙa masa, don kada dukiyar mutane ta tozarta a hannun masu sakaci. Shi kuma mai mota, in an gama masa aiki yadda aka yi sharaɗi, jan biyan lada zalunci ne. Ya zo cikin hadisi ƙudusi wanda Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa, yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. A tuna kuma cewa yaran da ke fesawa suna shaƙar tururin da ke cutar da huhu, saboda haka maigidan gareji da ya bar su babu abin rufe hanci ya ci amanar da ke wuyansa.

Yanzu sai babbar mas'ala, watau fentin da ake yi don a sayar. Mota ta yi haɗari, ƙashin jikinta ya karkace, ko gindinta ya ruɓe, sai a miƙe abin da ya samu, a cike sauran da fila, a fesa, a kai wa dillali. Malamanmu na da ba su ga mota ba, amma sun san wannan dabara sarai. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai masu barin raƙuma ko tunkiya kwanaki ba a tatsa ba, don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Aka hana wannan, aka ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Muslim kuma ya ruwaito labarin tsibin abincin da Annabi ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka umurce shi ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma barranta daga mai algus. A lura, mai raƙuma da mai abinci babu wanda aka ce ya furta ƙarya. Hannunsu ne ya yi ƙaryar. Daga nan malaman fikihu suka fitar da ƙa'ida cewa ruɗi da aiki daidai yake da ruɗi da magana, har suka kawo misalin rina tsohon tufafi don a zaci sabo ne.

Wannan misali ba baƙo ba ne ga mutanen Birni. Tun kaka da kakanni akan kai tsohuwar riga karofin Ƙofar Mata a sake tsoma ta a baba, a kai wa masu bugu ta fito tana ɗaukar ido. In mai ita ya sa abarsa ya tafi Idi, babu mai cewa ya yi laifi. In ya kai ta Kasuwar Kurmi ya ce tsohuwa ce aka sabunta, nan ma cinikinsa halal ne. Amma in ya jera ta cikin sababbi ya yi shiru, ya ci haram. Rini ɗaya ne, bugu ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne abin da aka bar mai saye ya zata.

Wani zai ce: "Malam, ai kowa ya san ana yi wa mota fenti kafin a sayar. Mai saye yana da ido, yana da bakanikensa, akan ma ɗora maganaɗisu a jikin mota don a gane inda fila ta yi kauri. In bai duba ba, sakacinsa ne." Wannan magana tana da ɗan kamshin gaskiya. Lalle al'ada tana da matsayi a shari'a, kuma wanke mota da goge ta da sabunta launin da ya koɗe duk abu ne da mai saye ya san ana yi, ba ya ruɗuwa da shi. Amma sanin cewa ana fenti daban, sanin cewa ƙarƙashin wannan fenti akwai karyayyen ƙarfe daban. Kasancewar mutane sun koyi ɗaukar maganaɗisu zuwa ciniki shaida ce cewa amana ta yi ƙaranci, ba ta zama izni ga mai ɓoyewa ba. Wajibin bayyana aibi yana kan wanda ya san aibin, ko mai saye ya tambaya ko bai tambaya ba.

Wani kuma zai ce: "Na gaya masa yadda ya gani haka ya saya, babu mayarwa." A mazhabar Imam Malik irin wannan sharaɗi ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye. Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in aibin ya bayyana. Dillali ma, in ya sani ya yi shiru don kada la'adarsa ta kuɓuce, ya shiga cikin zunubin. Haka nan mai fentin da aka gaya masa ƙarara cewa so ake a rufe ɓarnar don a sayar, domin an hana taimakekeniya a kan saɓo.

Abin da ya sa wannan ya fi algus na hatsi muni shi ne, mai sayen jiƙaƙƙen gero kuɗinsa kaɗai ya yi hasara. Mai sayen motar da ƙashinta ya ruɓe kuwa zai ɗauki iyalinsa a ciki ya hau hanyar Zariya ko ta Katsina. In ta haya ce, mutanen da ba su san an yi cinikin ba su ne za su zauna a kanta. Ƙarfen da aka cike da fila ba ya tare kome ranar karo. Wanda ya ɓoye aibin yana iya zama a shagonsa cikin Birni, alhali yana da hannu a jinin da ya zuba a nesa.

Saboda haka ga ma'aunin da kowa zai iya gwada kansa da shi, ko mai mota ne, ko mai fenti, ko dillali. Ka tambayi kanka: in mai saye yana tsaye a gareji tun daga kankarewa har zuwa fesawa, zan yi aikin nan kamar yadda nake yinsa yanzu? Zan iya nuna masa da yatsa in ce nan ta taɓa bugewa, nan an yi walda, nan fila ce? In za ka iya, fesa abinka, ko da fenti mafi araha a kasuwa. In kuwa ka ji zuciyarka ba ta son ya gani, to ka san abin da kake yi. Kuɗin da za a rage maka saboda faɗin gaskiya sananne ne, ana iya ƙirga shi. Albarkar da ake shafewa daga cinikin da aka yi ɓoye-ɓoye a cikinsa, kamar yadda hadisi ya yi gargaɗi, babu mai iya ƙirga ta.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadatar da mu da shi ga barin haram, Ya sa cikinmu ya fi wajenmu kyau. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.