Maɓallin nan bai ɓata ba, ɗana, neme shi

Ɗana, kai da ke koyon haɗa manhaja, ko ɗalibi ne kai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kana fama da furojet, ko kuwa shago gare ka nan Unguwar Sarki kana yi wa masu kemis da makarantun kuɗi manhajar lissafi, akwai wata ɗabi'a da nake so ka rabu da ita tun da wuri. Ka jawo maɓalli ka ɗora a kan fom cikin Visual Studio, ka rubuta masa aikinsa, ka yi 'yan gyare-gyare, ka tashi ka tafi azahar a Masallacin Sultan Bello. Ka dawo, ka duba sama ka duba ƙasa, babu maɓalli. Sai ka ce kwamfuta ta cinye shi, ka jawo sabo ka ɗora. A nan ɓarnar take farawa.

Na farkon yana nan daram. Duk abin da ka ɗora a fom na Windows Forms, wanda Microsoft ta fito da shi tun 2002, akwai rubutunsa a fayil ɗin Designer, cikin sashen InitializeComponent: sunansa, girmansa, da inda yake zaune. Idonka ne kawai bai kai gare shi ba.

Kada ka yi ta lalube da linzami. Buɗe tagar Properties, a samanta akwai jerin sunayen duk abin da ke kan fom ɗin. Zaɓi sunan maɓallin, ka dubi Location da Size. Sau da yawa za ka tarar ka rage faɗin fom ne ka bar shi can waje, ko lambar wurinsa ta koma ƙasa da sifili. Gyara lambar, ya dawo.

In ba haka ba, wani abu ne ya danne shi. Kayan fom hawa-hawa suke kamar tabarmin da aka jibge, na sama yana rufe na ƙasa. Fanel ɗin da ka ba umarnin ya cika fom gaba ɗaya, wato ka sa Dock ɗinsa a Fill, yana iya shimfiɗuwa a kan komai. Buɗe Document Outline, za ta nuna maka wa ke cikin wa, wa ke kan wa. Ka zaɓi naka a can, ka ce Bring to Front.

Wanda ya fi wahalar da yara shi ne maɓallin da ake gani lokacin zane, amma da an kunna manhajar sai ya yi ɓatan dabo. Ka sani, abin da aka sa Visible ɗinsa a False yana ci gaba da bayyana a wurin zane, sai manhaja ta tashi yake ɓuya. To ka duba naka ka ga True ne, ka fara zargin aljanu. Ba aljanu ba ne. Wajen jan linzami hannunka ya zame, maɓallin ya faɗa cikin wani fanel da ka ɓoye, kuma duk abin da ke cikin ɓoyayyen fanel ɓoyayye ne, ko me ka rubuta masa. In kuma sunan yana cikin fayil amma ba ya ko'ina a fom, nemi layin Controls.Add nasa, wataƙila ya goge.

Me ya sa nake matsa maka a kan abin da za ka ce ƙarami ne? Saboda maɓallin da aka danne bai mutu ba. Yaron shagon mai kemis yana danna Tab yana tsallake akwatuna, sai ya sauka a kansa bai sani ba. Ko kuma AcceptButton na fom ɗin, wato maɓallin da Enter ke kunnawa, har yanzu tsohon yake nunawa, kai kuwa duk gyaran lissafin da ka yi a sabon ka yi shi. Yaro ya danna Enter, tsohon lissafi ya gudana, da yamma kuɗi ba su yi daidai da kaya ba. Mai shago ba zai zo wurinka ba, yaron zai tuhuma, alhali ba shi da laifi. Wannan hakki ne, kuma a wuyanka yake.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka bari sai daren da za ka kare furojet, ko ranar miƙa aiki, ka zauna kana tantance wane ne button3 wane ne button11. Da ka ɗora abu, raɗa masa sunan da zai gaya maka aikinsa, ko da Hausa ne: btnAjiye, btnGoge, txtFarashi. Yau ɗin nan, kafin ka kashe kwamfuta, buɗe Document Outline na aikin da ke hannunka ka karanta jerin daga sama har ƙasa. Duk sunan da ba ka gane ba, bi shi ka ga inda yake zaune da abin da yake yi, sannan ka yanke ko ya zauna ko ka goge shi. Allah Ya yi maka albarka.